Bayan Yaya Ishaya, Kwamfutar Asibiti Ta Yi Baki

Shekara tara ke nan da muka ɗauki Yaya Ishaya daga unguwar Barnawa a Kaduna muka kai shi ƙauye muka binne. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan dafa 'yar shinkafa, in kira matarsa da 'ya'yansa mu yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa tunanin kawo maganarsa jarida ba, don shi kansa ba mai son a ambace shi ba ne. Bana dai abin ya ƙi haɗiyuwa. Ni ce Saratu, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, tsohuwar mai buga tafireta a ma'aikatar gwamnati, kuma gara in faɗa tun yanzu cewa ba yabo na zo yi ba. Raina a ɓace yake, kuma shi kansa marigayin yana cikin waɗanda nake fushi da su.

Dalilin fushin nawa wata ƙawata ce, Maman Jummai, wadda ta yi shekaru tana sayar da tuwo a bakin titin Gonin Gora. Tana da ciwon da ta ɓoye wa duniya, kuma sirrin nan ya kwanta lafiya cikin kwamfutar wani ƙaramin asibiti muddin Yaya yana numfashi. Da ya mutu sai kwamfutar ta yi baki. Yadda aka yi haka nake so mai karatu ya ji, musamman waɗanda suka girke irin wannan na'ura a asibitocinsu da makarantunsu da ofisoshinsu, suna ganin tunda a ɗakinsu take kwana to ba ta da wani ubangida sai su.

Yaya mutum ne mai wuyar sha'ani. Ya koyi aikin kwamfuta tun lokacin da ake cire takalmi kafin a shiga ɗakin da take. Ya san ya iya, kuma ba ya ɓoye cewa ya sani. Idan ka yi masa tambayar da yake ganin ta wauta ce, sai ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya dube ka, ya ci gaba da aikinsa. Ni kaina na sha wannan kallon tun ina 'yar makaranta har na yi jikoki.

A zamanin soja yana aiki a ofishin wata masaƙa a Kakuri, shi ke kula da na'urar da ke riƙe lokacin shigowar ma'aikata da fitarsu. Don tsara aiki kawai aka kawo ta. Sai wata rana ma'aikata suka yi yajin aiki, kashegari ga jami'an farin kaya sun faka mota a ƙofar ofis. Ba su tsaya tambayar kowa ba, suka ce a buga musu waɗanda ba su shigo ba. Yaya ya buga, don ba wanda ke musu da irin waɗannan baƙin a wancan lokaci. Aka kori wasu, aka tafi da wasu. Ba ya son ba da labarin nan. Sau ɗaya ya taɓo mini shi, ya ce, "Saratu, ba don a kama kowa aka sayo na'urar nan ba. Amma da aka tambaye ta, ba ta yi gardama ba."

Da aka koma mulkin farar hula muka yi murna kamar kowa. Ba a jima ba masaƙu suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, Yaya ya koma cin gashin kansa, yana yawon gyaran kwamfutoci a ofisoshi. A haka wani likita ɗan cocinmu, Dakta Pam, mai ƙaramin asibiti a Barnawa, ya neme shi. Katunan marasa lafiya sun yi masa yawa, gara ta ci wasu, wasu sun ɓace. Masu talla sun zo sun ce ya ba su bayanan su ajiye masa a na'urorinsu can nesa, Yaya ya ce sam. Ya samo wata manhaja ta kyauta, wadda wasu mutane a ƙasashen waje suka rubuta suka bar wa duk mai so, ya girka ta cikin wata kwamfuta a ɗakin ajiya bayan wurin ba da magani. Ita ce suke kira saba. Duk abin da nas ta buga a gaba, can cikinta yake zuwa ya zauna.

Dakta ya ji daɗi, ya ce, "To yanzu kam sirrin mutanenmu yana ɗakinmu, ga kwaɗo a ƙofa."

Yaya ya ce, "Ƙofa ka kulle, Dakta. Wayar intanet ɗin nan da ke bayanta fa? An gina ta ne ta riƙa kai wa masu ita labari, sai dai in an hana ta."

Ga abin da yake nufi. Can cikin saitin manhajar akwai wani shafi mai 'yan akwatuna huɗu da ake sa wa alama. Na farko yana sanar da masu manhajar cewa tana aiki a wuri kaza, kuma sabuwa ce ko tsohuwa. Na biyu yana faɗa musu sassan da aka fi buɗewa. Na uku yana aika musu rahoto duk lokacin da ta sarƙe ko ta mutu, don su gano abin da ya kashe ta. Na huɗu kuwa yana ba da kwafin duk abin da aka aika ga mai gyara na gari, wato duk wanda asibitin ya ɗauka ya riƙa duba masa na'urar. A ƙasan shafin an rubuta da Turanci mai daɗi cewa ba a aika sunan kowa.

Yaya ba butulu ba ne, bai toshe komai da komai ba. Na farko da na biyu ya bar su a buɗe, ya ce mutane sun yi wahala sun ba mu kyauta, ko ba komai su san kayansu yana amfani a Kaduna. Na huɗu bai taɓa yarda da shi ba. Na ukun ne ya zame masa aiki. Kuma duk lokacin da aka sabunta manhajar, ba ya barin kowa ya taɓa ta sai ya koma shafin nan ya duba, don ya sha gani an sabunta akwatunan sun dawo da alamarsu kamar ba a taɓa cirewa ba.

Abin da ya sa na ukun ya zama aiki, laifin yadda muke gane juna ne a garin nan. Manhajar tana da gurbin suna, da na shekaru, da na lambar waya, kuma gaskiya ne takan goge waɗannan kafin ta aika rahoto. Amma akwai wani ɗan gurbi a gefe da masu ita suka tanada don lakabi, a rubuta "ɗakin yara" ko "ɗakin haihuwa". Shi ba ta goge shi, don a tunaninsu ba abin da zai shiga ciki sai irin waɗannan. Ba su san Kaduna ba. A asibitin nan kaɗai Maryamu nawa ce, Ladi nawa ce, Yohanna nawa ne? Bayan rikice-rikicen da suka raba garin nan gida biyu mutane sun yi ta ƙaura, wanda ke ƙetaren kogi jiya yau yana Sabon Tasha, kati ya ɓace, lambar waya ta canja. Mu kuma ba da lamba muke sanin mutum ba. Sai nas-nas ɗin suka mai da gurbin lakabin wurin rubuta yadda unguwa ta san mutum: "matar mai faci ta bakin kasuwa", ko "surukin fasto mai ɗingishi". Wani lokaci su ƙara da jan kunne ga abokiyar aiki, kamar a ce kada a yi maganar ciwon a gaban miji. Allah ya sani da kyakkyawar niyya suke yi.

Yaya ya yi faɗa a kan haka har ya gaji. Babbar nas ɗin, Sista Hannatu, ba ta ɗaukar raini. Ta ce masa, "Baban Dauda, kai da na'ura kake aiki, mu da mutane. In na ba wata Ladi maganin wata Ladin, kai za ka amsa?" Ya cire gilashi ya goge, ya mayar. Daga ranar ya ƙyale su su rubuta abin da suka ga dama, ya ɗauki tsaron bakin ƙofa a kansa.

Ɗauke wuta kuwa a Barnawa ba labari ba ne. Kafin a tayar da janareta saba ta mutu, kuma kowace mutuwa da rahotonta, ɗauke da lakabin fayil ɗin da ke buɗe a lokacin. Yaya ya saita ta yadda rahotannin za su taru a ciki ba tare da sun fita ba. Ranar Asabar da rana, mutane na can wurin bukukuwa, shi yana zaune a ɗakin ajiyar nan mai zafi kamar tanda, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya goge duk abin da zai nuna mutum, sannan ya aika wa masu manhajar abin da ya rage. Wata Asabar na kai masa abinci, na tsaya a bayansa ina leƙen allon. Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Saratu, ajiye kwanon ki koma bakin ƙofa." Na ce haba Yaya, ni ma ai na riƙe sirrin gwamnati shekara da shekaru. Ya ce, "Wannan ba na gwamnati ba ne, na maƙwabtanki ne." Na fita da haushi, kuma ban ƙara kai masa abinci can ba.

Cikin maƙwabtan nan ashe har da Maman Jummai. Mutuniyar Nasarawa ce, tare muke waƙa a ƙungiyar matan coci. Mijinta ma'aikacin masaƙa ne, bai daɗe ba bayan an rufe ta ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya. Ta kafa rumfa a Gonin Gora inda motocin Abuja ke tsayawa, tana tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka da ta agushi, kuma hannunta da daɗi, direbobi har layi suke yi. Farfaɗiya gare ta, tun bayan haihuwar Jummai. Mutanenmu kuwa, mai zuwa coci da mai zuwa masallaci, mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba, da yawa sun yarda cewa ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta kwanon da mai ita ya taɓa. Ƙarya ce tsagwaronta, likitoci sun faɗa har bakinsu ya bushe, amma je ka faɗa wa direban da ke riƙe da cokali. Dakta Pam ya ɗora ta a kan magani, ciwon ya kwanta, ta yi shekaru ba ta faɗi ba. Duk wata takan zo karɓa, Sista Hannatu ta ja ta ɗakin ciki. A gurbin lakabinta an rubuta: "Maman Jummai mai tuwo, Gonin Gora. Farfaɗiya. A ba ta magani a ɗakin ciki, kar a kira ciwon a falo." Ni da nake ƙawarta ban san komai ba. Kafin in rubuta wannan sai da na nemi izininta, ta ce abin da duk tasha ta sani, me jarida za ta ƙara.

Hawan jini ne ya kayar da Yaya wata safiya yana shirin fita, bai ƙara magana ba har ya cika. A wurin jana'iza an yi ta yabonsa, fasto ya ce mutum ne mai riƙon amana, kowa ya gyaɗa kai, amma ba wanda ya san amanar da yake riƙe da ita. Nan ne fushina da shi yake. Bai koya wa kowa ba. Dakta ya sha ce masa ya ɗauki wani ya nuna masa aikin, sai ya ce yaran yanzu hannunsu ya fi kansu sauri. Bai taɓa zaunar da Dakta ya buɗe masa shafin akwatunan nan ya ce wannan a bari, wannan kada a kuskura ba. Ko Sista Hannatu da suka yi faɗa, bai gaya mata abin da yake yi ranar Asabar ba, ta ɗauka ya haƙura ne kawai. Yaya, kai da ka ga abin da aka yi a Kakuri da idonka, ka rataya sirrin unguwa guda a wuyanka kai kaɗai kamar ba ka san ana mutuwa ba? Girman kai ne ya sa ka, kuma da kana nan da a gabanka zan faɗa.

Bayan 'yan shekaru Dakta ya tsufa ya koma Jos, ya bar asibitin a hannun ɗan ɗan'uwansa a matsayin manaja, matashi mai kirki da son zamani. Manajan ya ɗauko wani mai shagon gyaran kwamfuta, Monday, mazaunin Gonin Gora, ya ba shi kwangilar kula da sabar. Monday ya iya aikinsa, ba zan ƙwace masa ba. Ya sabunta manhajar, ya ga akwatunan, ya karanta rubutun da ke cewa ba a aika sunan kowa, ya sa musu alama duka huɗun, ya sa imel ɗinsa a na ƙarshe. Dalilinsa ma mai kyau ne a ido: maimakon ya hau keke ya zo Barnawa duk lokacin da saba ta mutu, rahoto zai iske shi a wayarsa. Manajan ya ce wannan shi ne ci gaba. Ba wanda ya tambayi nas-nas ɗin me suke rubutawa kuma a ina. Ba wanda ya buɗe rahoto ko ɗaya ya leƙa cikinsa kafin ya fita. Tambayar su marasa lafiyar kuwa, wannan ko a mafarki.

Haka rahotanni suka yi ta fita, wasu su ƙetare teku, kwafinsu ya sauka a wayar Monday. Ranar da tsautsayi ya zo, aka ɗauke wuta fayil ɗin Maman Jummai yana buɗe. Monday yana gida yana cin abinci saƙon ya shigo, ya karanta, ya ce wa matarsa, "Ke, ashe mai tuwon nan ta bakin titi farfaɗiya gare ta?" Iyakar abin da ya yi ke nan. Matar ta gaya wa ƙanwarta mai sayar da ruwan leda a tashar, wai don kada ta ƙara cin abinci a can. Turawan da suka karɓi nasu rahoton ba su san Maman Jummai ba, ba su san inda Gonin Gora take ba, ko sun karanta ba abin da zai ce musu. Kwafin da ya sauka a unguwarta shi ya gama da ita.

Ba wanda ya zo ya faɗa mata. Ita dai ta ga benci yana wuni babu kowa. Direban da ke kiranta Mama tun yana yaron mota ya koma ɗaga mata hannu daga tsallaken titi. Wata ta zo da kwanonta daga gida, ta ce a zuba daga sama kada ludayi ya taɓa bakin kwanon, daga baya ita ma ta daina zuwa. Tuwo ya kwana, ta rage tukunya, ya sake kwana. Sai da wata mai rumfa kusa da ita ta ji tausayinta ta ja ta gefe ta gaya mata abin da ake faɗa a tasha. Kashegari da rana tsaka ta shigo gidana, ta zauna a ƙasa ta ƙi kujera.

Ta ce, "Saratu, ina da farfaɗiya. Gara ki ji daga bakina, in ma ba ki riga kin ji a waje ba."

Na ce ban ji ba, kuma ko na ji me ya canja.

Ta ce, "Jummai ma sai jiya ta sani. Dakta ya sani, Sista ta sani, sai mijina da ke ƙasa. To wa ya faɗa?"

Na ɗaura ɗankwali na nufi asibitin, ina tafe ina huci. Sista Hannatu ta rantse ba ita ba ce har ta fashe da kuka. Manajan ya juyo mini da allon kwamfuta yana nuna mini rubutun da yatsa, yana cewa, "Mama, duba da idonki, an rubuta ba a aika suna." Sista ce ta tuna faɗanta da Yaya, ta dafe kai ta ce a kira Monday. Ya zo ya buɗe wayarsa, sai ga lakabin Maman Jummai ɓaro-ɓaro, da na wasu da yawa, matar wane da surukin wane, kowa da ciwonsa a gefe. Monday ya ajiye wayar. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ban yi da wata manufa ba. Da madam kawai na yi maganar." Na ce madam ɗin taka ba ta da baki ne? Manajan kuma, maimakon ya yi shiru, sai ya ce ai kowa haka yake barin saitin. Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai har yau. A gabana suka cire alamar na uku da na huɗu, kafin in shanye ruwan da aka miƙo mini an gama. Aka rubuta wa masu manhajar, suka ba da haƙuri, suka ce sun goge abin da ke wurinsu kuma za su gyara gurbin lakabin. Nasu ya gogu. Na bakin mutanen tasha ba a samu mai goge shi ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. A zamanin soja sai an turo mutane da mota, sun shigo ofis, sun tsaya a kanka, sannan a samu abin da ake nema. Yanzu da muke cikin 'yancin da muka yi wa rawa, mu da yatsunmu muke danna "na yarda" ba mu karanta ba, a waya, a banki, a makarantar yara. Lokacin zaɓe saƙo ya shigo maka da sunanka da unguwarka daga ɗan takarar da ba ka taɓa ba lambarka ba, ka yi dariya ka ce zamani. Ina jin da baƙin ciki ya kashe shi tun kafin hawan jinin.

Ku kuma masu girka manhaja a ɗakunanku kuna fahariyar cewa bayananku suna hannunku, ni ba injiniya ba ce, amma na ga abin da ba ku gani ba. Kada ku tsaya a kan alkawarin da aka rubuta a ƙasan shafi, don wanda ya rubuta shi bai san yadda ma'aikatanku suke aiki ba. Ku buɗe abin da na'urar ke shirin aikawa ku karanta da idonku, kuma ku sake yin haka bayan kowace sabuntawa. Ku tambayi wa ke karɓar kwafi, kuma a wace unguwa yake kwana. Ban ce a toshe komai ba, Yaya ma bai toshe ba, masu manhajar suna da haƙƙin sanin inda take ciwo. Amma don Allah kada ya zama mutum ɗaya ne ya san wannan a duk gidan, komai iyawarsa.

To me ya rage na Yaya Ishaya? An canja sabar da wata, ɗakin ajiyar ya cika da kwalaye, masaƙar da ya yi wa aiki ciyawa ta cinye ta. Ba a sa sunansa a jikin komai ba, kuma ba wanda ke gode wa mutum a kan abin da bai faru ba. Abin da na iya ganowa nasa shi ne shekarun da Maman Jummai ta yi tana tuƙa tuwonta hankali kwance, har ta kai 'yarta ta gama kwalejin horon malamai, ba ta san akwai wani mai baƙin rai da ke zufa a ɗakin ajiya kowace Asabar saboda ita ba. Shi ya ba ta shekarun nan, shi kuma ya bari suka ƙare da ƙarewarsa. Duka biyun nasa ne. Ina kewarsa kullum, kuma na kasa yafe masa na biyun.

Rumfar ta daɗe da rufewa. Gawayi take sayarwa yanzu a ƙofar gida, tunda ba a cin gawayi. Tun ranar ta ce ba za ta sake zama a gaban na'urar kowa ba. Sista Hannatu ta yi ta kai mata maganin har gida, har ta yi ritaya ta koma garinsu, daga nan maganin ya yanke. Na roƙa, Jummai ta roƙa, ta ƙi. Watan jiya ciwon ya dawo tana dafa abincinta a tsakar gida, ta faɗi, hannunta na dama ya shiga murhu. Maƙwabta suka taru suka tsaya daga nesa, ba wanda ya taɓa ta, sai da Jummai ta dawo daga makarantar da take koyarwa. Muka sa ta a keke mai ƙafa uku muka kai ta asibitin nan dai na Barnawa, don a can tarihin ciwonta yake. Wata sabuwar nas ce a kan tebur, ta ɗora yatsu a kan kwamfuta, ta ce cikin ladabi, "Mama, za mu sa bayananki a na'ura, kin yarda?" Ashe yanzu sun koyi tambaya.

Maman Jummai ta dube ta ta ce, "Rubuta duk abin da kika ga dama, 'yata. Babu sauran abin da za a ɗauka."

Nas ɗin ta fara bugawa, ni kuma na riƙe mata hannun da bai ƙone ba.